Kuɗi na ta tafiya, gini na tsaye a linta: in ɗauki ƙwararre ya kula min da aikin?

"Assalamu alaikum. Ina aiki a Fatakwal, ina kuma gina bene mai hawa ɗaya a filina da ke wajen Kumbotso a Kano. Ƙanina ne ke tsaye a kan aikin, shi da wani birkila da ya taɓa yi wa maƙwabcinmu gini. Tun farko birkilan ya yi min lissafi a takarda ɗaya. Yanzu abin da na tura ya kusa cinye lissafin gaba ɗaya, gini kuwa yana linta, ko dakin ba a zuba ba. Wani abokina ya ce in ɗauki injiniya ko mai kula da aiki. Ni kuma ina ganin kuɗin da zan ba shi gara in sayi siminti da su, sannan ba na son ƙanina ya ga kamar zarginsa nake yi. Mece ce shawara?"

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa a gama lafiya, a shiga lafiya. In na fahimce ka, kana son sanin ina kuɗinka suka shiga, ko kuɗin ɗaukar ƙwararre za su biya kansu, da kuma yadda za ka shigo da baƙo cikin aikin ba tare da zumunci ya taɓu ba. Sana'ata ƙididdigar gini ce da tsayawa tsakanin mai gida da ɗan kwangila, don haka ka karanta amsata da sanin cewa ɗan wannan layin ne ke magana. Duk da haka shawarata kai tsaye ita ce: kada ka sake tura ko sisi na zuba dakin, wato shimfiɗar kankaren da hawan sama zai zauna a kai, sai wani wanda ba shi da riba a cikin sayen kaya, ba shi da riba a kuɗin hannu, ya je ya auna abin da aka yi. Matsalar da ke cikin tsarinka ba lallai ta zama ta rashin amana ba. Matsalar ita ce mutum ɗaya ne ya faɗi kuɗin aikin, shi ke faɗin kayan da za a saya, shi ke aikin, shi ne kuma ke cewa aikin ya yi kyau. Ko waliyyi ka ɗora a wannan kujera, lissafi zai kuɓuce.

Inda kuɗin gini ke bi

Fara da takardar nan ɗaya. Birkila yana lissafa abin da hannunsa ke taɓawa ne: bulo, siminti, yashi, tsakuwa, kuɗin hannunsa da na leburorinsa. Abin da yakan bari a baya shi ne cikon ƙasa bayan an fito da tushe, wanda a fili mai kwari yakan ci tifa da yawa, da katakon dakin da sandunan tokara, da ƙusa da wayar ɗaurin rodi, da ruwan da za a riƙa saya a tanka in babu rijiya, da dako, da albashin mai gadi, da sokawe, da kuɗin izinin gini. Kowanne shi kaɗai ƙarami ne, amma in aka tara su sai ka ga sun kai kuɗin ɗaki guda. Akwai kuma abin da kowa a wannan sana'a ya sani: wasu da gangan suke rage lissafin farko, don sun san in suka faɗi gaskiya mai gida ba zai fara ba, in kuwa ya fara ba zai iya tsayawa ba.

Sai tashin farashi, wanda ba laifin kowa ba ne a wurin aikinka. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin dako da na rodi da na tayil duk sun sauya, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Lissafin da ya kwana shekara ɗaya a aljihu ya riga ya mutu. Sai canjin ra'ayi ta waya: a ƙara banɗaki a ɗakin baƙi, uwargida ta ce kicin ya yi ƙanƙanta, a matsar da matakala. Kowane irin wannan yana nufin a fasa abin da aka riga aka biya, a sake biya.

Na ƙarshe shi ne yoyon da mutane suka fi zargi, wato la'ada a wurin mai sayar da kaya, tifar yashin da ba ta cika ba, buhunan simintin da ke fita da magariba. Yana faruwa, ba na musu. Amma a yawancin ayyukan da aka kira ni in bincika, asarar da rashin tsari ya jawo ta fi ta sata yawa.

Abin daɗin shi ne gini ba ya ɓoye abin da ya ci. Bango mai faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya yana cin bulo kusan 10. Kankare na awon 1:2:4, wato siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4, yana cin siminti buhu 6 zuwa 6 da rabi a duk kankaren da ya kai mita ɗaya a tsayi da faɗi da zurfi. Rodi mai milimita 12, mai tsawon mita 12, guda 93 ko 94 ne ke yin tan ɗaya, mai milimita 16 kuwa 52 ko 53. In aka kawo maka tan ɗaya na 12 ka ƙirga ka ga ya wuce 100 da yawa, ba kyauta aka yi maka ba, rodin ne bai cika kauri ba. Mai ƙididdiga zai zo da tef da zanen ginin, ya auna bangon da ke tsaye da ginshiƙan da aka zuba, ya fitar da adadin kayan da ya kamata a ce sun shiga, sannan ya ajiye shi kusa da abin da ka tura. A yini ɗaya ko biyu za ka san ko gibin na lissafin farko ne, ko na farashi, ko na hannu.

Wa ya kamata ka kira

A wurin gini duk wanda ya sa hular kwano ana ce masa injiniya, don haka ka bambance su. Mai zanen gini shi ke tsara ɗakuna da iska da haske da fuskar gida, hukumar ARCON ce ke yi masa rajista. Injiniyan ƙarfin gini shi ke faɗin zurfin tushe, girman ginshiƙi, yawan rodi da tazararsa, rajistarsa tana wurin COREN, wadda aka kafa tun 1970. Mai ƙididdigar gini, wanda 'yan aiki ke kira QS, shi ke fitar da cikakken jerin kaya da aiki da farashinsu, ya kuma auna aikin da aka yi kafin a biya, hukumarsa QSRBN. Sai ƙwararren magini mai rajistar CORBON, wanda aikinsa tafiyar da ginin kansa yau da gobe. Mai kula da aiki gaba ɗaya yakan fito daga ɗaya cikin waɗannan, ya zama wakilinka a kan kowa.

A babban aiki, kamar otal ko rukunin shaguna, duka ake ɗauka. A gida irin naka ba sai ka tara su ba. Biyu ne ba zan yi maka rangwame a kansu ba: injiniyan ƙarfin gini, saboda bene kake yi, da mai ƙididdiga, saboda kana nesa kuma kuɗi ne ciwonka. Ba kuma sai sun tare a wurin ba. Ana biyan su ne su zo a gaɓoɓin da in an wuce su ba a komawa.

Maganar injiniya ba ta ado ba ce. A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum sama da 40 suka rasu, kuma jaridu sun buga wasiƙar da injiniyoyin da suka fara kula da aikin suka rubuta tun 2020 suna janye hannunsu. A nan Kano ma, a watan Agustan 2022, wani bene da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut, kasuwar 'yan waya. Naka hawa ɗaya ne, amma dakin ɗin da za a ɗora a kan ginshiƙan nan, in faɗinsa ya kai murabba'in mita 100 da kaurin milimita 150, nauyinsa ya haura tan 30, tun ba a ɗora bangon sama da rufi da mutane ba. Iyalinka ne za su kwana a ƙarƙashinsa.

A wasiƙarka ba ka ambaci zanen injiniya ba, ba ka kuma ambaci izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ba. In babu su, nan ne mafari. Injiniyan zai sa a haƙa rami a gefen tushe a wuri biyu ko uku ya ga zurfinsa da faɗinsa da irin ƙasar da ya zauna a kai, ya sa a fasa fatar ginshiƙi ɗaya ko biyu ya ga rodin da ke ciki. Na sha zuwa gida in tarar an yi tushen gidan ƙasa, daga baya mai gida ya samu buɗi ya ce a ɗora bene, birkila ya ce ba komai. Akwai komai. Wani lokaci gyaran ƙaramin abu ne, a ƙara ginshiƙai a faɗaɗa gindinsu. Wani lokaci kuma gaskiyar ita ce a rufa shi a matsayin gidan ƙasa a huta. Izinin hukuma kuwa ya fi sauƙi a nema tun kafin a zo a shafa wa bangonka jan fenti, musamman in filin na awon igiya ne.

Yadda ake ɗaure aikin da ya rage

Bayan an auna abin da aka yi, mai ƙididdiga zai fitar maka da lissafin abin da ya rage, gaɓa gaɓa: dakin da matakala, bulon sama zuwa linta, rufi, wayarin da famfo, filasta, tayil da silin da fenti, sokawe da katanga. A ƙarshensa a ware kashi 10 cikin 100 don abin da ba a zata ba, ka kuma ɗauka cewa za a taɓa shi. Wannan takarda ita ce za ta gaya maka ko ƙarfinka ya kai bene a yanzu. Mutane da yawa da na yi wa aiki, da suka ga jimillar, sai suka zaɓi a zuba dakin, a gama ƙasa tsaf a shiga ko a sa haya, sama ta jira. Hakan ya fi a ɗaga kango har sama a bar shi shekara biyar damina na dukansa.

Sannan ka zaɓi irin yarjejeniyar. Aikin yini shi ne mafi muni ga wanda ba ya gari, domin babu abin da ke sa ma'aikaci sauri. Jinga da kaya, wato ɗan kwangila ya kawo komai ya yi aiki a kan kuɗi ɗaya, tana hutar da kai, amma duk buhun simintin da ya rage riba ce gare shi, don haka ba ta yiwuwa sai da mai duba inganci tsaye a kansa. Ga mutum irinka na fi son ta uku: jingar kuɗin hannu kawai, gaɓa gaɓa, kai kuma ka sayi kaya bisa adadin da mai ƙididdiga ya fitar, ka biya mai shago kai tsaye ta banki, a kai kaya wurin aiki a ƙirga a sa hannu. Ka nemi farashi daga mutum uku a kan takarda iri ɗaya. Wanda ya fi kowa araha da nisa, ka tambaye shi me ya manta.

Biya ya riƙa bin aiki, kada aiki ya riƙa bin biya. Kuɗin kafin alƙalami ya zama kaɗan. Ko gwamnati, a dokar bayar da kwangila ta 2007, kashi 15 cikin 100 ta sa a matsayin iyaka lokacin da aka kafa dokar, balle kai da ba ka da lauyoyi a ofis. Duk gaɓar da aka gama, a zo a auna, a rubuta maka cewa an yi kaza ya cancanci kaza, sannan ka tura. A kowane biya a riƙe kashi 5 cikin 100, a saki rabinsa ranar miƙa makulli, sauran bayan wata 6. Ni nakan so wannan wa'adin ya haɗa da damina guda, domin yoyon rufi da ruwan da ke tsattsafowa ta bangon banɗaki ba sa nuna kansu da rani. Duk canjin da ka ga dama ka yi, a rubuta shi da kuɗinsa kafin a ɗaga guduma, ko da saƙon WhatsApp ne, muddin an adana shi. A kuma rubuta abin da za a yi in farashi ya tashi, kada a bar shi sai ranar rigima.

In kuɗi sun zo maka a dunƙule, ka sayi abin da ba ya lalacewa: rodi, kwanon rufi, tayil, wayar lantarki, in akwai wurin ajiya mai tsaro. Siminti kuwa ba a tara shi. In ya wuce wata 3 a ajiye ƙarfinsa na raguwa, da damina ma kafin nan sai ka ji ya fara dunƙulewa.

Kuɗin ƙwararren fa?

Akwai jadawalin kuɗin ƙwararru da gwamnatin tarayya ta fitar a 1996, amma a gidajen mutane ciniki ake yi. Hanyoyin biyan su ne kaso daga kuɗin aikin, ko kuɗi ɗaya a dunƙule, ko kuɗin kowane zuwa. A aikinka ban so kaso ba, don yana nufin duk sanda kuɗin gini ya ƙaru shi ma nasa ya ƙaru. Ka yi ciniki a dunƙule a kan binciken farko da lissafin abin da ya rage, sannan ku yanka kuɗin kowane zuwa, ku rubuta gaɓoɓin da dole ya zo da rahoton da zai turo maka da hotuna.

Ka ce gara ka sayi siminti da kuɗin. To, dakin ɗin da na ambata mai murabba'in mita 100 zai ci siminti buhu 90 zuwa 100, ban da matakala da bim, wato kwantattun ginshiƙan da ke ɗauke da dakin, ban da rodi wanda ya fi simintin tsada. In aka rubuto maka buhu 140 kana Fatakwal, da me za ka musa? In kuma aka sa 70 aka ce maka 100 ne, ka yi asara sau biyu, ta kuɗi da ta ƙarfi. Irin wannan gibi guda ɗaya ya isa ya biya zuwan ƙwararre sau da yawa.

Wajen zaɓe, ka nemi lambar rajistarsa ka tabbatar da ita a wurin hukumarsa. Ka ce ya nuna maka gida biyu da ya kula da su, ka kira masu gidajen da kanka ka tambaye su ko lissafinsa na farko ya yi kusa da na ƙarshe. Kada birkila ne ya kawo maka shi. Kada kuma ya zama shi ke sayo maka kaya ko yana da shagon bulo, in ba haka ba ka koma gidan jiya, sai dai wannan karon da mai takardar shaida. A cikinmu ma akwai masu sa hatimi a zanen da ba su karanta ba, akwai masu turo yaro ya ɗauki hoto su rubuta rahoto daga ofis. Takarda ba ta maye gurbin hali.

Maganar ƙaninka

Kada ka cire shi, kuma kada ka aika masa baƙo bagatatan. Ka kira shi ka ce an zo gaɓar dakin, aikin ya fi ƙarfin ido, kana son injiniya ya duba don lafiyar kowa, kana kuma son a fitar da lissafin abin da ya rage don ka san yadda za ka tsara albashinka. Duk gaskiya ne, babu zargi a ciki. In yana da gaskiya, binciken wanke shi zai yi, kuma sau da yawa ƙannen da aka ɗora wa irin wannan aiki su suka fi kowa jin daɗi in aka sauke musu, don sun gaji da zama tsakanin yayansu da birkila. Ka bar masa abin da ɗan gida ya fi baƙo iyawa: karɓar kaya da ƙirga su, riƙe littafin sito, tabbatar da an shayar da kankare ruwa, hulɗa da mai unguwa da maƙwabta. Ka kuma yanka masa wani abu duk wata a fili. Mutumin da ke barin harkarsa yana ƙona mai zuwa Kumbotso kullum ba tare da an ba shi komai ba, an buɗe masa ƙofar karɓar la'ada ko bai nema ba. In wani ya ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta mu'amalar bashi.

Ban ga ginin ba, don haka ba zan ce maka tushen ya isa ko bai isa ba, ba zan kuma ce an ci kuɗinka ba. Ƙwararre ba zai hana farashi tashi ba, ba zai dawo da abin da ya riga ya tafi ba, kuma in binciken ya nuna akwai haƙƙi da za a bi, wannan aikin dattawan gida ne ko lauya, ba na mai ƙididdiga ba. Haka batun takardun fili, wurin KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, da lauya za ka nufa.

In har an kai ga zuba dakin, ka yi ƙoƙari ka ɗauki hutu ka zo. Kwana ɗaya kafin nan injiniya ya hau ya duba rodin da idonsa: kaurinsa, tazararsa, na saman da ke kan bim ko an taka shi ya kwanta, da 'yan guntayen kankaren da ake sawa a ƙasa don rodi kada ya manne da katako. Mai wayarin da mai famfo su gama shimfiɗa bututunsu kafin a fara. Ranar zubi a tsaya a kan awo: buhu ɗaya na siminti, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Da rana ta take leburori suka gaji, za ka ga yashi ya koma 6, ruwa ya ƙaru don kwaɓin ya yi saurin tafiya, kuma wannan ruwan shi ke kashe ƙarfin kankare. A kawo injin girgiza kankare, kada a ce za a zungura da sanda. A zuba shi a yini ɗaya. Daga washegari a riƙa shayar da shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, in da zafin bazara ne ko iskar hunturu a rufe shi da buhunan algarara masu jiƙe. Kankare sai ya kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, don haka kada kafinta ya cire tokara don yana son kai katakonsa wani aikin, sai injiniya ya ce a cire, wanda galibi ba ya gaza mako 3.